Gyaran imel ɗin ofishinmu a Gombe: foldodi na ɓacewa duk sanda sabis ya ɗauke

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Matsalar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, shi ya sa na fara rubuta duk abin da na taɓa, don kada jibi in manta. Ofishin Bappa ne da ke kusa da Tudun Hatsi, harkar riɗi da waken soya da masara. Kwamfuta uku ce: laftof ɗin Adda mai riƙe da lissafi, ta tebur a wurin Malam sakatare, sai wata tsohuwa a ɗakin Bappa da ba kullum ake kunna ta ba. Dukkansu adireshin imel ɗaya suke buɗewa, na kamfani, wanda ke zaune a saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonnin, ta wasu mutanen Legas da muke biya duk shekara. Manhajar imel ta Thunderbird ce a kan ukun, biyu suna kan siga ta 128, ta Bappa tana kan 115. Intanet daga rauta ce mai layin 4G.

Ƙorafin Adda shi ne tun ƙarshen damina, in sabis ya ɗauke, sai saƙon kuskure ya fito cewa an kasa haɗuwa da saba. Bayan sabis ya dawo sai ta ga foldodin da ke ƙarƙashin Inbox sun ragu. Yau babu ta Banki, babu ta Webil, babu ta masu saye na Legas, ko ƙyallinsu. Ga kaka ta shigo, tireloli na jiran takardu.

Na shiga akwatin ta burauzar wayata, foldodin duk suna nan da saƙonninsu. Na nuna mata, hankalinta ya ɗan kwanta. Na roƙi kowa kada ya goge asusun ya sake saka shi, kuma in manhajar ta tambaya ko a yi Compact, wato a share saƙonnin da aka goge kwata-kwata, a ce mata a'a tukuna. Na rufe ta a kowace kwamfuta na kwafe foldar Profiles, inda take ajiye saƙonni da saiti, gaba ɗaya zuwa faifaina. Ta Adda kaɗai ta haura gigabayit 11.

Talata, 7 ga Oktoba

Yau na zauna da kwafin na duba cikinsa. A Windows komai yana cikin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, kuma hanya mafi sauƙi ta isa wurin ita ce Help, sai Troubleshooting Information, sai Open Folder. Saitin asusu duka yana cikin fayil ɗaya, prefs.js. Saƙonnin da aka sauko da su daga saba suna cikin ImapMail, waɗanda ke kan kwamfutar kaɗai suna cikin Mail. Kowace folda fayil biyu gare ta: babba marar wutsiya a sunansa, shi ke ɗauke da saƙonnin a jere, da ƙarami mai .msf, wanda jerin sunaye ne kawai. Na yi wa Adda misali da sito. Buhuna daban, littafin da ake rubuta buhunan daban, in littafi ya jiƙe ba a yi asarar hatsi ba, sai dai a sake ƙirga.

A tsarin IMAP, wanda kwamfutocinmu ke karɓar imel da shi, maganar saba ita ce magana. Manhaja tana tambaya, wace folda da wace folda ke akwai, kuma waɗanne aka yi wa rajista, abin da aka ba ta amsa shi take jerawa a gefen hagu. Na danna Subscribe, sai ga foldodin da suka ɓata babu alama a gabansu. Na mayar da alamar, suka dawo. Daga nan na shiga Server Settings, Advanced, na cire zaɓin Show only subscribed folders a kwamfuta ukun, don a riƙa nuna duk abin da ke saba ko da rajista ko babu.

Foldodin sun dawo amma tsirara. Tsarin ginshiƙan da Adda ta jera ya tafi, kuma ƙa'idojin da ke kai saƙon banki foldar Banki sun mutu, domin manhajar tana kashe ƙa'ida in ta nemi foldar da za ta kai saƙo ba ta same ta ba. Suna nan cikin msgFilterRules.dat, kunna su kawai na yi ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Lafiya lau. Saƙon kuskure ya fito da rana, foldodi ba su motsa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Data ta ƙare ƙaf da hantsi, alhali farkon wata aka saka. Dalili a fili yake: foldodin da suka dawo, laftof ta ɗauke su sababbi, ta shiga sauko da saƙonnin shekaru da hotunan webil da takardun banki tun daga farko. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun bana, irin wannan ɓarnar tana da zafi. An sake saka ta N30,000, Adda ta rubuta a littafi tana harara ta.

A Synchronization & Storage na sa a riƙa ajiye na kwana 90 na baya-bayan nan kawai, kuma kada a sauko da saƙon da ya wuce KB 2,000 sai an buɗe shi. Tsofaffin suna nan a saba, in an danna za su zo.

Talata, 14 ga Oktoba

Tsugune ba ta ƙare ba. Malam ya kira ni da safe: "Injiniya, zo ka gani, abin nan ya koma kamar yau aka saye shi." Da na zo na tarar ya riga ya sake shigar da adireshi da kalmar sirri, domin shafin maraba ne ya tarye shi, yana kuma da takardar da zai tura kafin ƙarfe goma. Inbox ya dawo, amma babu sa hannun kamfani a ƙasan saƙo, babu ƙa'idoji, babu alamun launi da yake bambanta wanda aka biya da wanda ba a biya ba.

Wannan ciwo daban ne da na Adda. Cikin foldar Profiles na sami wani fayil mai suna Invalidprefs.js. Haka manhajar ke yi in ta zo karanta prefs.js ta tarar ya lalace, sai ta sauya masa suna ta ajiye gefe ta buɗe sabo fari fat. Na buɗe lalataccen da Notepad, rabinsa rubutu ne, sauran babu komai, an yanke shi ana tsakar rubutawa. A cikin ImapMail kuma yanzu folda biyu ce, tsohuwar da sabuwa mai -1 a ƙarshen suna, wadda ta samu sanadiyyar asusun da Malam ya sake sakawa. Tsofaffin saƙonninsa duk suna kan faifai, manhajar ce kawai ta daina sanin inda suke.

Na rufe ta, na ɗauko prefs.js na kwafin ranar 6 ga wata na ɗora, na matsar da foldar -1 waje. Ta buɗe kamar ba a yi komai ba. Kalmomin sirri ba su taɓu ba, su suna cikin logins.json da key4.db, kuma waɗannan biyun tare suke tafiya, in ka kwafi ɗaya ka bar ɗaya ba ka kwafi komai ba.

Na tambayi Malam me ya faru jiya kafin a tashi. Ya ce sabis ne ya ɗauke. Na ce kwamfutar fa? Ya ce ai ita ma ta mutu, an ɗauke wuta ne, kafin yara su tayar da janareta komai ya yi ɗif. To ga inda gizo ke saƙa. Rauta da kwamfutar Malam a UPS ɗaya suke, batirinsa kuma ko minti ɗaya ba ya riƙewa. In wuta ta tafi, ta tebur tana mutuwa nan take, wani lokaci tana cikin rubuta saiti. Laftof ɗin Adda tana da batirinta, ita ba ta mutuwa, sai ta tsaya tana kallon rauta ta mutu ta fito da saƙon kuskure. Saƙon shi kowa ke gani, shi ya sa duk ofis suka ɗora wa sabis laifi.

Yau ne kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kwamfuta biyu cikin ukun kuwa a kansa suke. Wannan maganar wata rana ce, na dai rubuta don in tuna wa Bappa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na sami Bappa bayan la'asar da lissafi. Ya ce, "Ɗana, in kwamfutar ce ta tsufa a sayi sabuwa mana a huta." Na ce, "Bappa, Allah ya ƙara girma, sabuwar ma in wuta ta yanke mata tana rubutu haka za ta yi." Wani abokinsa da ke zaune ya ce su tuni suka koma WhatsApp. Ba na ganin wannan zai yi mana, banki da masu saye na Legas takarda daga adireshin kamfani suke so, kuma neman webil ɗin shekara biyu baya a cikin hirar waya azaba ce. Komawa Gmail ma an kawo, gigabayit 15 kyauta, amma sauya adireshi a tsakiyar kaka neman rikici ne.

Ya amince da abu uku, na sayo a kasuwa: batirin UPS mai 12V 7Ah N22,000, ƙaramin UPS na rauta ita kaɗai N28,000, faifan ajiya na waje mai terabayit 1 N78,000. Faifan ne ya ja dogon ciniki.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An saka batir, an raba rauta da kwamfuta. Na zare fulogi daga bango don gwaji, ta tebur ta riƙe har aka tayar da janareta, rauta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na nuna wa Malam: in wuta ta tafi kuma babu mai a inji, ya rufe manhajar imel tukuna, sannan ya kashe kwamfuta da hannunsa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Saƙon kuskure bai daina fitowa a laftof ba, ko da rauta tana kunne kuma waya na buɗe shafuka lafiya. Don haka na kunna rikodin hirar da ke tsakanin manhaja da saba. Ana yin sa ne a tagar Command Prompt da saka MOZ_LOG a kan IMAP:5,timestamp, da MOZ_LOG_FILE a kan inda fayil ɗin zai zauna, sannan a buɗe manhajar daga wannan tagar. Fayil ɗin yana kumbura da sauri kuma akwai bayanan saƙonni a ciki, ba abin da za a tura wa kowa ba ne.

Da yamma na karanta. Akwai wuraren da layin ya yanke da gaske, ana tsakar jero foldodi sai shiru. Amma mafi yawan kuskuren saba ce da kanta ke ƙin karɓa, da wannan amsar: Maximum number of connections from user+IP exceeded. Sabar da manhajar Dovecot take aiki, iyakarta ta asali haɗi 10 ne ga mutum ɗaya daga adireshin intanet ɗaya. Thunderbird kuwa kowace kwamfuta tana iya riƙe har 5. Uku sau biyar 15, ga wayar Bappa, ga ta Adda, duk a rauta ɗaya da asusu ɗaya. Ƙari a kan haka, in sabis ya yanke ba sallama, saba ba ta sanin an tafi, tana ci gaba da ƙirga tsofaffin haɗin na wani lokaci. Ƙa'idar IMAP ta 2003, RFC 3501, cewa ta yi kada saba ta sallami wanda ya yi shiru kafin minti 30. Sabis na dawowa kowa ya ruga a lokaci guda, sai a tarar gurbi ya cika.

Na rage Maximum number of server connections to cache zuwa 2 a kowace kwamfuta. Na kuma mayar da duba sabon saƙo kowane minti 10, wani ya taɓa sa shi a minti ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kuskuren ya ragu sosai. Na rubuta wa masu sabar ina tambayar yadda aka yi rajistar foldodi ta goge tun farko. Amsar ta zo yau: akwatinmu gigabayit 10 ne, muna kan 9.8, kuma a watan Satumba ya cika maƙil fiye da sau ɗaya. Ma'aikacinsu ya ce jerin rajistar ɗan ƙaramin fayil ne a cikin akwatin, in wuri ya cika aka zo sake rubuta shi yana iya fitowa guntu. Sun ce sun turo gargaɗi. Na nema na same shi a foldar Junk.

Sun ba da zaɓin ƙara wuri da kuɗi. Na fi son a kwashe na 2021 zuwa 2023 a sauko da su Local Folders, foldodin da ke kan kwamfuta kaɗai, domin ba a buɗe su sai jefi-jefi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Aikin kwasar ya ba ni wuya. Na zaɓi Lahadi don ba kowa a ofis, na kuma yi shi a kwamfutar Malam tunda ita ce ba ta fita ko'ina. Dokar da na bi: Copy, ba Move ba. Sai an kwafa, an gwada adadin saƙonnin can da nan sun yi daidai, an buɗe wasu an ga takardun da ke maƙale suna buɗuwa, sannan a goge na saba.

Na 2021 ya tafi sumul. Ana tsakar na 2022 sabis ya yanke, aikin ya tsaya ba tare da ya faɗi inda ya kai ba. Da na sake, sai adadin nan ya fi na can, wasu saƙonnin sun zo biyu-biyu. Tsince su da hannu ba zai yiwu ba, na goge foldar da na kwafa gaba ɗaya na koma yi wata-wata, in ya yanke asarar kaɗan ce. Wata folda kuma ta nuna saƙonni amma in ka danna ɗaya sai wani ya buɗe. Wannan na ɗan fayil ɗin .msf ne, Properties sai Repair Folder, ta sake jera kanta.

Na lura sabis ya fi tsayawa da sassafe, daga la'asar zuwa dare kuwa sai a hankali. Na 2023 sai gobe bayan asuba. Data ta sake cin N15,000.

Laraba, 29 ga Oktoba

An gama. Akwatin saba ya sauko 4.1. Bayan gogewa sai da na zubar da Trash na kuma yi Compact kafin wurin ya nuna ya ragu, domin saƙon da aka goge alama kawai ake sa masa, yana nan zaune har sai an yi hakan.

Yanzu nauyi ya koma kanmu. Shekara uku na takardu suna kan faifan kwamfuta ɗaya a ɗakin da ƙurar hunturu ke shiga. Na so in yi amfani da Export na cikin manhajar, amma fayil ɗin zip da yake yi iyakarsa gigabayit 2. Sai na rubuta ɗan umarni da robocopy, manhajar kwafi ta Windows, Task Scheduler na tayar da shi da kansa ƙarfe biyar saura kwata: ya duba ko manhajar a rufe take, ya kwafi foldar Profiles zuwa faifan waje, ya tsallake ImapMail tunda saƙonnin cikinta saba na da su. prefs.js kuma ana ajiye na kowace rana da kwanan wata a sunansa, don kada lalatacce ya hau kan mai kyau. Faifan yana kwana a jakar Adda, ba a ofis ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ranar gwaji. Na zare rauta ana tsakar buɗe manhaja, na zare ana tsakar tura saƙo mai nauyi, na kashe wutar ofis daga mita duk kwamfutocin na aiki. Saƙon kuskure ya fito kamar yadda ya kamata, foldodi suna nan, saiti yana nan. Saƙon da aka katse bai tafi ba, yana buɗe a tagarsa, aka sake turawa. Na kuma gwada dawo da kwafin jiya a kan wani sabon profile ta hanyar thunderbird.exe -P, ya buɗe da saitinsa har littafin adireshi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ɗaga ukun zuwa 140, wanda ya fito a watan Yuli, don su zama iri ɗaya. Na jinkirta shi da gangan har abubuwa suka lafa, saboda tun daga 68 in sabuwar manhaja ta taɓa profile, tsohuwa ba ta yarda ta buɗe shi kai tsaye. Kwafi kafin ɗagawa, sannan ɗagawa. Ta Bappa ta ɗauki lokaci, faifanta irin mai juyawa ne. Adda ta yi ƙorafin rubutu ya ƙanƙance, aka ƙara masa girma.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Adda ta ce akwai abin da ta daɗe tana gani ba ta faɗa ba: saƙon da ya zauna a Inbox ba a kai shi wata folda ba, in ya kwana biyu sai ta neme shi ta rasa. Na duba, babu ko ɗaya a Inbox da ya wuce mako biyu, alhali foldodi na da na shekaru. Na kira Hamma da ke riƙe da rumbunmu na Kumo, ashe shi ma yana buɗe adireshin a wata kwamfuta da ban san da ita ba. Na sa ya karanto mini Server Settings ta waya: POP ce, tashar 995, da zaɓin barin saƙo a saba na kwana 14 kacal. Wato kwamfutarsa na sauke duk abin da ke Inbox, bayan mako biyu ta ce wa saba ta goge. Saƙonnin da Adda ke nema suna Kumo.

Na ce, "Hamma, don Allah sa alama a Leave messages on server, ka cire ta kwana 14 ɗin, kada ka taɓa komai bayan wannan sai na zo." Ya yi, ya turo mini hoto.

Abin da aka kashe zuwa yau N173,000, har da datar da ta ƙone. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan bi motar da ke kai buhuna Kumo da faifan ajiya, in kwafi profile ɗinsa tukuna, in saka masa asusun IMAP ta tashar 993 kusa da na POP ɗin, in mayar da saƙonnin bana saba wata-wata. Zai zama kwamfuta ta huɗu a akwati ɗaya, don haka zan sake kai wa Bappa maganar a buɗe wa kowa adireshinsa, na lissafi daban, na rumbu daban. Na tambayi masu sabar farashin ƙarin akwati biyu, ina jiran amsa. UPS ɗin Kumo ma Hamma ya ce ƙara kawai yake yi, sai in tafi da batir.